Yadda Ake Kiyaye Ido da Abinci Bayan Shekara Arba'in, da Wanda Ƙwayoyin Bitamin Suke Yi wa Amfani

Karatun asuba ne ya fara tona mana cewa idon mahaifinmu ya soma rauni. Mutumin da ya saba buɗe Alƙur'ani a kan cinya bayan salla, sai muka ga yana miƙe hannu da shi nesa da fuska, daga baya ya koma jiran gari ya waye tangaran kafin ya fara. Ba a jima ba ya ce mana hazo yake gani ko da rana tsaka, fitilar mota kuwa da dare watsuwa take yi a idonsa. Wani mai tallar magani a tasha ya sayar masa da kwalbar ƙwayoyi, ya rantse masa cewa cikin wata uku za su narkar da yanar. Baba ya sha kwalba bakwai cikin kusan shekara biyu. Yana ba ta motsa ba, sai ma ƙaruwa, kuɗin da suka tafi kuwa sun isa a yi masa aiki tun da farko. Ranar da aka cire masa bandeji bayan aikin, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa kafin ya ce komai.

Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na riƙa tambayar likitocin ido ina kuma karantawa a kan abin da abinci ke iya yi wa ido. Abinci a hankali yake aiki, shekara da shekaru, yana jinkirta lalacewa kafin ta yi nisa. Ƙwayoyin bitamin kuma suna da amfani na gaske, amma ga mutane ƙalilan waɗanda likita ya duba bayan idonsu ya ce suna buƙata. Don haka na jera matakan nan yadda ya kamata su bi juna, kwalba ta zo kusa da ƙarshe. Wanda ya taka arba'in ya fara tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na 1: Ka san abin da ke damun idon kafin ka kashe ko sisi

Mukan haɗa komai mu ce tsufa ne, alhali cututtuka ne daban-daban, kowacce da hanyarta.

A bayan baƙin idon nan da ake gani akwai wani ɗan madubi garai-garai mai tattara haske. Daga shekara 40 zuwa 45 yakan fara tauri, sai zura zare a allura da karanta saƙon waya su soma gagara. Tabarau ne maganin wannan, babu abincin da zai mayar wa madubin da laushinsa. Idan madubin ya dushe ya yi fari, ita ce yana, kuma aiki kaɗai ke cire ta: a fitar da dusasshen madubin a sa na roba, galibi cikin ƙasa da awa guda. Gilakoma, wadda wasu ke kira hawan jinin ido, jijiyar da ta haɗa ido da ƙwaƙwalwa take ci. Daga gefe take farawa, ba ciwo ba ƙaiƙayi, tana kuma kama baƙar fata da wuri fiye da Turawa. Abin da ta cinye ba ya dawowa. Can bayan ido kuma akwai wani tantani da hoton duk abin da aka kalla ke sauka a kansa, ana ce masa ratina. Tsakiyarsa, ɗan wurin da bai kai ƙwayar wake ba, shi ne makula, da shi ake gane fuska ake kuma karatu. Tsufa kan lalata makula, ciwon sukari kuma kan fasa ƙananan jijiyoyin jinin ratina.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, Arewa maso Gabas ta fi kowane yanki da kashi 6.1. Yana ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na makantar, gilakoma kusan kashi 17, kuma kashi 84 cikin 100 na makantar abu ne da za a iya kauce masa ko a warkar. Ka lura, manyan biyun nan babu wadda ƙwayar bitamin ke warkarwa. Lalacewar makula, wadda dominta aka haɗa shahararrun ƙwayoyin ido, ta fi yawa a Turai da Amurka.

Saboda haka ka je a duba ka. Akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA a Kano, da sassan ido na asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri, a Nijar kuma manyan asibitocin Yamai da Damagaram. Ka nemi abu uku: awon ƙarfin gani, awon matsin cikin ido, da kuma a ɗiga maka maganin da ke buɗe ƙwayar ido a leƙa ratina. Na ukun nan shi ne wanda masu sayar da tabarau a kasuwa ba sa yi. Ka tafi da ɗan rakiya, kada ka tuƙa mota ko babur, domin gani yakan yi dishi-dishi na wasu awoyi bayan ɗigon. Duk shekara biyu ya isa ga mai lafiya. Mai ciwon sukari, da wanda akwai gilakoma a danginsu, da wanda ya haura 60, su riƙa zuwa duk shekara.

Mataki na 2: Ka kama sukari da hawan jini

A ganina babban taimakon da abinci ke yi wa idon Bahaushe a nan yake, ya fi duk wani bitamin. Sukarin da ya daɗe a sama yana raunana jijiyoyin ratina har su riƙa yoyo, yana kuma gaggauta zuwan yana. Hawan jini yana iya toshe jijiyar jinin ido, mutum ya kwana lafiya ya tashi ido ɗaya ya yi duhu.

Ka auna sukari da safe kafin ka ci komai. Idan ya kai 126, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, ko 1.26 yadda ake rubutawa a Nijar, kuma aka maimaita aka ga haka, ciwon sukari ne. Hawan jini idan yana kaiwa 140 bisa 90 a awo daban-daban, a ga likita. Wanda aka gano yana da sukari da girmansa, a duba masa bayan ido a lokacin, kada a jira gani ya ragu, domin sau da yawa ciwon ya yi shekaru a jiki kafin a gane. Kuma kada ya yanki sabon tabarau sai sukarin ya daidaita, saboda hawa da saukarsa na kumbura madubin ido, lambar tabarau ta yi ta canzawa.

A wajen ci, ka fara da abin sha. Kwalbar lemo ɗaya mai santilita 35 tana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali 8 zuwa 9, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kada babba ya wuce kimanin 12 a yini duka. Ka haɗa da shayin safe mai cokali uku, da zoɓo, da kunun zaƙi, ka ga inda lissafi ya kai. Ka rage cokali ɗaya a shayi duk mako biyu, harshe zai saba ba tare da rigima ba. Burodi, taliya, farar shinkafa da tuwonta suna harba sukari da sauri. Tuwon dawa ko na gero da ba a surfe shi fes ba, da wake, sun fi tafiya a hankali. In malmala biyu ka saba, ka koma ɗaya da rabi, ka cike gurbin da miyar ganye.

Gishiri kuma giram 5 ne a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya na cikin lissafin domin kusan rabinsa gishiri ne. A rage shi a ƙara daddawa, albasa, tafarnuwa da citta.

Mataki na 3: Ganye kullum, kuma a iya dafa shi

Makula tana da launin rawaya, kuma launin daga abinci yake zuwa. Sinadarai biyu ne, lutin da ziyazantin, waɗanda jiki ba ya iya ƙera su da kansa. Suna taruwa a tsakiyar ratina suna tace kaifin haske, suna kuma rage lahanin da haske da iskar oksijin ke yi wa tantanin yau da gobe. Inda suka fi yawa shi ne ganye mai duhun kore, kuma Allah Ya hore mana shi: alayyahu, zogale, rama, yakuwa, lalo, tafasa, ganyen kuka, ganyen kabewa, ganyen wake. Akwai su a gwaiduwar ƙwai, ba da yawa ba, amma jiki ya fi saurin ɗaukar na ƙwai saboda maiƙon da ke tare da shi. Jar masara da tattasai ma suna da nasu.

Wani bincike da aka buga a Amurka a 1994 ya nuna cewa waɗanda suka fi cin irin waɗannan sinadarai sun sami ragin kashi 43 cikin 100 na haɗarin mummunar lalacewar makula. Wani kuma na 2016, wanda ya bibiyi ma'aikatan lafiya sama da 100,000 tsawon shekaru, ya ga masu yawan cin ganye sun fi ƙarancin kamuwa da gilakoma da kashi 20 zuwa 30. Kariya ake magana, wanda gilakoma ta riga ta kama ɗigonsa ne maganinsa, ganye ƙari ne.

Uwargida, a nan aikin yake hannunki, domin ana iya sayen ganye mai kyau a kashe amfaninsa a tukunya.

Ki wanke ganye kafin ki yanka. In kika yanka sannan kika jiƙa a ruwa kika matse, bitamin C ya bi ruwan ya tafi. Ki zuba alayyahu a ƙarshen miya, bayan nama da kayan miya sun nuna, ki rufe minti uku zuwa biyar ki sauke tun yana kore shar. In ya koma ruwan toka-toka ya wuce wuta. Zogale da rama sun fi buƙatar dahuwa, to ki sa ruwa daidai, wanda ya rage kuma ki zuba a miya ko a sha. Kanwa tana sa ganye saurin laushi, amma tana kashe bitamin C da wasu daga cikin bitamin B, don haka ki rage ta iya yadda za ki iya.

Abu mafi muhimmanci: lutin da 'yan'uwansa ba sa shiga jini sosai sai da maiƙo. Ganyen da aka ci gaya ba mai, kaɗan jiki ke samu. Shi ya sa nake ganin kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa, da tumatir da albasa, yana cikin abinci mafi dacewa da ido a duk abin da muke ci. Miyar taushe ma haka, ga kabewa, ga alayyahu, ga gyaɗa, duk a tukunya ɗaya. Dambun zogale, faten tsaki mai yakuwa da alayyahu, faten wake da ganye, duk sun shiga. Ba mai da yawa ake nema ba, babban cokali ɗaya ya wadaci kwanon mutum biyu.

Sai shanya. Na taso ina ganin Inna tana baza ganyen kuka da zogale a tabarma a tsakar gida, rana ta gasa su har su yi ƙamas. Rana tana cinye kaso mai yawa na sinadaran da muke nema. A shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, a rumfa ko a ɗaki mai taga buɗe, a baza shi sama-sama ana juyawa. Da rani kwana uku zuwa huɗu sun isa. A daka a zuba a mazubi mai murfi, a ajiye inda haske ba ya kaiwa. In za ki sayi kuka a kasuwa, ki duba launi: koriya shar ita ce mai rai, wadda ta koɗe ta koma ruwan ƙasa yauƙi kawai ya rage mata.

Nawa za a ci? Ludayin miya ɗaya zuwa biyu na dafaffen ganye kowace rana. Mai shan warfarin, maganin tsinka jini, kada ya ƙara ganye farat ɗaya ba tare da sanin likitansa ba, domin bitamin K da ke cikin ganye yana rage ƙarfin maganin. Mai ciwon ƙoda ma ya tambaya tukuna.

Mataki na 4: Ja da rawaya, da maganar hanta

Bitamin A ne ido ke amfani da shi wajen gani a duhu, shi ne kuma ke riƙe danshin fatar gaban ido. Ƙarancinsa ke kawo dundumi, kuma kakanninmu da suke ba mai dundumi gasasshiyar hanta sun yi daidai. Namiji babba na buƙatar maikurogiram 900 a rana, mace 700. Hantar sa giram 100 ta ninka wannan sau da yawa, kuma jiki ajiye rarar yake yi, ba ya zubarwa da fitsari. Idan ta yi yawa tana raunana ƙashin tsofaffi tana wahalar da hanta, ga mai ciki kuma haɗari ce ga jariri. Yanki ɗaya kamar gidan ashana biyu, sau ɗaya a mako, ya wadatar.

Hanya mafi aminci ita ce ta kayan lambu, domin jiki yana juya beta-karotin ɗinsu, sinadarin da ke ba su launin ja da rawaya, zuwa bitamin A gwargwadon buƙatarsa: karas, kabewa, mangwaro, gwanda, dankalin Hausa mai jan ciki. Manja yana cikin mafi arzikin wannan sinadari, da sharaɗin kada a soya shi har ya yi hayaƙi ya washe, domin jan nan da ya tafi shi ne amfanin. A zuba kaɗan, a kan wuta marar ƙarfi.

Tun 2002 doka ta wajabta a Najeriya a ƙara bitamin A a man girki, fulawa da sukari, alamar kuwa hoton ido ne da harafin A a jikin mazubi. Man da aka juye a kwalabe aka jera a rana a bakin titi yana rasa wannan bitamin da sauri.

Kashedi ɗaya: dattijon da ya ce ba ya gani da magariba, kada a ɗauka dundumi ne a yi ta ba shi hanta. A shekarunsa yana ko gilakoma sun fi kusa. A koma mataki na farko.

Mataki na 5: Gwaiba, gyaɗa, wake da kifi

Ruwan da ke cikin gaban ido yana ɗauke da bitamin C fiye da jini nesa ba kusa ba, yana kare madubi. Gwaiba ɗaya matsakaiciya ta biya buƙatar yini, wadda ba ta wuce miligiram 75 ga mace da 90 ga namiji ba. Lemon zaƙi, ɗanyen tattasai da garin 'ya'yan kuka a kunu ko a nono duk suna bayarwa. A ci ɗan itacen kansa ya fi a matse ruwan a ƙara masa sukari.

Bitamin E yana cikin gyaɗa da man gyaɗa. Tafin hannu ɗaya na gyaɗa a rana ya isa, a zubar da duk wadda ta yi fumfuna ko ɗaci. Zink, wanda ratina ke tarawa da yawa, yana cikin nama, wake, gyaɗa da agushi. Gero da dawa da wake suna da wani sinadari mai riƙe zink ya hana jiki ɗauka, jiƙa su da barin ƙullu ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa kamu da koko, yana rage wannan riƙon.

Kifi mai maiƙo, irin su titus, shawa da sardin, sau biyu a mako. Maiƙon omega-3 da ke cikinsa yana daga cikin abin da aka gina ratina da shi. A gasa ko a sa a miya.

In an haɗa, yini ɗaya zai iya zama haka: da safe koko marar sukari sosai da ƙosai ko dafaffen ƙwai, da rana shinkafa da wake, waken ya fi yawa, da kwaɗon zogale a gefe, da la'asar gwaiba ko yankan gwanda, da dare tuwon dawa da miyar taushe ko ta kuka da kifi. Tsohon da haƙora suka zube a mayar masa da ganye da kabewa cikin fate, a murƙushe masa kifi da ƙwai a ciki.

Mataki na 6: Sai yanzu maganar kwalba

Da yawa daga cikin ƙwayoyin ido da ake talla a yau suna jingina ne da bincike biyu na Cibiyar Ido ta Ƙasar Amurka, kuma ya kamata ka san abin da suka gano da gaske.

Na farko, mai suna AREDS, an fitar da sakamakonsa a 2001, mutum fiye da 4,700 'yan shekara 55 zuwa 80 suka shiga. An ba wasu haɗin bitamin C, bitamin E, beta-karotin, zink da kofa, wato sinadarin jan ƙarfe. Ga waɗanda makularsu ta riga ta kai matsakaicin mataki na lalacewa, ko ido ɗaya ya riga ya yi nisa, haɗin ya rage haɗarin kaiwa mummunan mataki da kusan kashi 25 cikin 100 a shekara biyar. Ga masu lafiyayyen ido da masu farkon ciwon bai nuna amfani ba. Yana kuwa, bai hana ta ba, bai kuma rage mata gudu ba.

Na biyu, AREDS2, ya fito a 2013 da mutum kimanin 4,200. An cire beta-karotin aka sa lutin da ziyazantin a madadinsa, aka ga sun yi aikin. Dalilin cirewar mai nauyi ne: tun 1994 wani bincike a Finland ya nuna ƙwayar beta-karotin tana ƙara ciwon dajin huhu ga masu shan taba, AREDS2 kuma ya ga haka har ga waɗanda suka daina. An gwada ƙara omega-3 a haɗin, bai ƙara komai ba. Wani binciken na 2018 ya gwada ƙwayar man kifi ga masu bushewar ido, ba ta fi man zaitun da aka ba sauran ba. Shi ya sa na ce a ci kifin kansa.

Ga yadda za ka bi.

Ka tambayi likitan da ya leƙa bayan idonka kai tsaye: "Likita, ina da lalacewar makula? A wane mataki take? AREDS2 ya dace da ni?" In ya ce ba ka da ita, ka mayar da kuɗin kasuwa wajen mai ganye da mai kifi.

In ya ce ya dace, ka juya kwalbar ka karanta bayanta. Abin da za a sha a yini ya kasance bitamin C miligiram 500, bitamin E ma'auni 400 (IU ake rubutawa a kwalba), lutin miligiram 10, ziyazantin miligiram 2, zink miligiram 80, kofa miligiram 2. Wasu kamfanoni suna sa zink 25, binciken ya gwada wannan ma bai ga wani babban bambanci ba. Kofa dole ne ta kasance, domin zink mai yawa yana hana jiki ɗaukarta, ƙarancinta kuma na kawo ƙarancin jini. Galibi ƙwaya biyu ce ke cika wannan adadi, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Kwalbar da aka zana wa ido amma lambobinta ba su kai haka ba, ba ita aka gwada ba. In ka ga beta-karotin a jerin kuma ka taɓa shan taba, ka ajiye. Ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ka saya a kantin magani mai rajista.

Ka sha bayan cin abinci, zink yakan tayar da zuciya a cikin da babu komai. Ka kai wa likita duk magungunan da kake sha ya gani. Bitamin E mai yawa na ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan warfarin, kuma wani babban bincike da aka fitar a 2011 ya ga ƙwayarsa ta ƙara ciwon dajin furostet, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, da kashi 17 cikin 100. Bitamin C mai yawa bai dace da mai tsakuwar ƙoda ba. Zink yana hana magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su sifirofuloksasin da tetirasaikilin shiga jiki, a raba su da awoyi. Kada ka ɗora wata kwalbar bitamin a kan wannan da kanka.

Akwai kuma bitamin B12. Wanda ya yi shekaru yana shan metfomin na sukari, da tsohon da ba ya samun nama, ƙwai ko nono, B12 ɗinsu kan yi ƙasa, ƙarancinsa kuma yana taɓa jijiyar gani. A Kuba, tsakanin 1991 da 1993, lokacin matsin abinci, mutum kusan 50,000 suka kamu da ciwon jijiyoyi da ya shafi ganin da yawansu, kuma rabon bitamin B ne ya kawo ƙarshen annobar. Awon jini ke nuna wanda ke buƙata.

Mataki na 7: Ka toshe inda ake yoyo

Taba ita ce babbar maƙiyiyar makula a cikin abubuwan da mutum ke da iko a kai, tana ninka haɗarin aƙalla sau biyu, tana kuma jawo yana da wuri. Hayaƙin itace a rufaffen madafi ma an danganta shi da yana, kuma mata ne ke shaƙarsa shekara da shekaru. A buɗe taga, ko a fito da murhu fili. Manomi, mai babur da ɗan kasuwar da ke yini a rana su sa malafa ko tabarau mai tare hasken rana.

Maganin ɗigon nan da ake saya a kemis in ido ya yi ja, da yawansu suna da sitiroyid, irin su deksametason da betametason. Suna kwantar da ja nan take, amma in aka ɗauki makonni ana ɗigawa suna iya jawo gilakoma da yana. Kada a ɗiga ruwan sukari, nonon mace, ruwan albasa ko tsimin ganye a ido. Ganye na ciki ne. Masu yawo ƙauyuka suna tura yana cikin ido da tsinke kuwa, mafi yawan idanun da suka taɓa makanta suke ƙarewa.

Mai ɗigon gilakoma kada ya ajiye shi da azumi. Yawancin magungunan sau ɗaya ko biyu ne a yini, likita zai iya mayar da su lokacin sahur da bayan shan ruwa.

Mataki na 8: Gwajin gida, sau ɗaya a mako

Ido mai lafiya yakan rufa wa ɗan'uwansa asiri, mutum ya yi watanni bai san ɗaya ya tafi ba. Ka zaɓi rana ɗaya, misali Juma'a bayan wanka. Ka sa tabaranka in kana da shi, ka tsaya gaban ƙofa ko taga mai ƙarafuna a miƙe, ka rufe ido ɗaya da tafin hannu ka kalli wuri guda, sannan ka sauya. Ka kuma gwada da layukan rubutu a nisan da ka saba karatu. In layin da yake miƙe ya lanƙwashe, ko wani tabo ya zauna a tsakiyar abin da kake kallo, ko ido ɗaya ya fi ɗaya duhu fiye da makon jiya, ka ga likitan ido cikin kwanakin nan.

Waɗannan kuwa ba sa jiran gobe: gani ya ɗauke farat ɗaya, walƙiya a cikin ido tare da baƙaƙen ɗigo masu yawo da yawa, wani abu kamar labule ya sauko daga gefe, ko ido ya yi ja da matsanancin ciwo tare da ciwon kai da amai. A nemi abin hawa a tafi asibitin ido a ranar, a kuma tafi da duk kwalaben magani da na ɗigo da mutumin ke amfani da su, domin likita ya gani da idonsa.